Ranar da Na Allah Ya Ɓoye Rijiya

Idan kuka zo Tasawa kuka ji Na Allah yana cewa shi ya samo wa unguwarmu rijiya, kada ku ƙaryata shi, gaskiya ya faɗa. Ku dai tambaye shi ta yaya. A nan ne zai tuna yana sauri.

Ni sunana Hindu. Shekara huɗu na yi a lakkol, wato makarantar boko, aka cire ni, saboda haka abin da idona ya gani shi zan faɗa. Na Allah kuwa taubashina ne, ɗan kawuna, shi ya sa bakina ke taɓa shi inda na wasu ba ya kai wa.

Abin ya faru a shekarar fari, zamanin soja, shekarar da damina ta yi mana ruwa uku ta ɗauke ƙafa. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Unguwarmu a bayan gari take, famfon cikin gari bai iso mu ba. Mata sai su fita tun da asuba zuwa wata rijiya can kan hanyar Maijirgi, ba za su dawo da tulu ɗaya ba sai rana ta take tsaka. Mai gidana, Allah Ya jiƙansa, mahaƙin rijiya ne. Ya ce ba zai yi ta haƙa wa garuruwan mutane ba alhali matarsa na tafiyar rabin yini. Ya kama haƙa a filin ƙofar gidanmu. Ya yi gaba ashirin da biyu, har ƙasa ta fara sanyi a hannu, sai rairayi ya soma zubowa, aikin ya tsaya sai an sami siminti. Kafin a samu ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Kwana tara ya yi. Aka rufe bakin ramin da ƙaya. Na fita takaba, kullum safiya in na ɗauki tulu sai na ratsa ta gefen ƙayar nan.

To, akwai wata ƙungiya a garin, Ƙungiyar Hidimar Gari, amma Na Allah ba ya ce mata komai sai Kulob. Ya taɓa yin wata bakwai a Abijan yana gadin sito, ya dawo da jan kiravat na ɗaurawa a wuya, da ƙararrawar hannu, da Faransanci cikin cokali. Da waɗannan ya zama Firzidan, wato shugaban ƙungiyar. Su goma sha ɗaya ne, suna zama gindin bedi bayan la'asar. A lokacin ba a taro sai da takardar izini, shi kuwa ya samo ta, ya sa mata gilashi ya rataye a jikin itacen. Aikin da Kulob ya taɓa yi wa gari biyu ne: sun shafa wa gindin itatuwan bakin hanya farar ƙasa, sun kuma share kasuwa sau ɗaya, ranar da ba ta ci.

Wata Asabar ya shigo gidanmu yana kaɗa wata wasiƙa.

"Hindu, share ƙofar gida, Yamai na tahowa."

"Duk garin? Ina za mu shimfiɗa masu?"

"Ke dai ba ki da mahimta. Saurara."

Wata babbar ƙungiya ce ta Yamai, ta likitoci da 'yan kasuwa, ta sami siminti da famfon tuƙawa na rijiya ɗaya tak. Za ta aiko mutum biyu ranar Laraba su zagaya garuruwa, inda suka ga an fi buƙata nan za a yi aikin. Na karɓi takardar na bi ta da yatsa, na ga haka ne.

"To ai ta kwana gidan sauƙi," na ce. "Ka kawo su nan, a ɗage ƙaya, su leƙa."

"Rami!" Ya dafe kai. "Mutane su taso tun daga Yamai, su ƙone esansi a mota, in tarbe su da rami? Mi za su ce da Tasawa?"

"Sai su ce ba mu da ruwa. Muna da shi?"

"Ke in baƙo ya zo gidanki, ba ki aro kwanon kirki wurin maƙwabta? Haka uwayenmu suka yi, ba a tarbar baƙo da kuka. Kuma ni na zauna da manya, na san halinsu. Matsiyaci dala ake jefa mashi. Babban abu, mai babbar riga ake ba."

"Takarda ta ce inda aka fi buƙata."

"Haka ake rubutawa. Ke lakkol kika yi, ni duniya na yi."

Ya ce cikin baƙin akwai mace, dole a sami mace ta zauna kusa da ita a mota, ni ce kuwa na iya bonjur. Amma sai na rantse ba zan ce uffan a kan ramin ba. Na ce na rantse ba zan fara ba, amma in aka tambaye ni ba zan yi ƙarya ba. Ya ce ya yarda, ba wanda zai tambaya. Kada ku ga wautata. Ni ma gidan da ya fito nan na fito, kunyar roƙo a jinina take.

Kwana uku unguwa ba ta zauna ba. Na Allah ya tsara wuraren da za a kai baƙi, na tarihi da na zamani.

Na tarihi shi ne ganuwa. Abin da ya rage mana na tsohuwar ganuwa a unguwar guntu ne, bai wuce ƙugu ba, jakuna ke soshe baya da shi. Ya sa aka kafa zana bakwai a kansa aka yaɓe da laka, daga nesa sai ka ce katangar gaske. A bayanta ya sa aka tara duk awakin unguwa, don kada baƙi su ga haƙarƙarinsu a waje.

Sai dabbar da za a nuna. Akwai wani Bafillace, Gidaɗo, daga wajen Isawan, fari ya cinye masa shanu arba'in ya bar masa sa ɗaya. Yana ji da san nan kamar ɗa, ko shi bai ci ba sai sa ya ci, shi ya sa har lokacin yana da tozo. Ƙahonsa na hagu a karye yake. Aka shirya Gidaɗo zai riƙa bin lungu da shi, duk inda baƙi suka tsaya su tarar da shi, su ɗauka wani ne daban. Ladansa bokitin ruwa biyu, amma sai an gama, don Na Allah ya ce in sa ya sha ruwa sai ya kwanta.

Na zamani kuwa rumbun tsimi ne da famfo. Rumbun na uban Cha'ibu tela ne, mataimakin Firzidan. Aka cika shi da rairayi, aka baza gero tiya biyar a sama. Famfon kuma, zana aka kafa a filin ƙofar gidanmu aka shafe ta da farar ƙasa, aka huda ta aka zuro kan famfo. A baya aka ɗora tono, wato gangar ƙarfe, a kan bulo, kowane gida ya ba da tulu ɗaya aka cika shi, Cha'ibu zai ɓuya a nan yana lura da tiyo.

Saura ramin. Aka kwashe ƙaya, aka gitta azara huɗu, aka shimfiɗa zana, aka barbaɗa rairayi. Na Allah ya ɗora teburin Kulob a kai don kada kowa ya taka.

Inna Hajara, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu, ta dogara sanda ta daɗe tana kallo.

"Na Allah, mai rijiya mun rufe shi, yanzu ita ma rijiyar jana'iza kake mata?"

"Inna, wannan dabara ce ta zamani."

"To Allah Shi raba mu da zamani, in haka yake."

Ni dai na shige ɗaki.

Ranar Laraba da hantsi farar mota ta tsaya a bakin gari. Wani dogon mutum mai tabarau ya fito da ɗan littafi a hannu, shi ne Mushe Manzo, wato Malam Manzo a Faransance. Sai Madam Hawa, ungozoma ce, ba kwalliya, zane da kallabi kawai. Na Allah ya sha babbar riga, ya ɗaura kiravat a kanta. Ya kaɗa ƙararrawa, ya gyara murya, ya kama Faransanci. Bai yi nisa ba cokalin ya ƙare, ya koma farko.

"Malam, yi Hausa," in ji Mushe Manzo. "Mu ma nan aka haife mu."

"To, madalla. Abu na farko da Kulob zai nuna maku shi ne wannan hanya ta zamani. Kwalta ce tsantsa. Gabas ta tahi Damagaram, yamma ta tahi Maradi."

"Mun gan ta. A kanta muka zo."

"Wato kun shaida ke nan. Rubuta, Mushe."

Can gefe Gidaɗo na tsaye da sa. Na Allah ya nuna shi da haɓa kamar bai damu ba.

"Irin shanunmu ke nan. Wannan ma autansu ne."

Mushe Manzo ya ɗaga tabarau ya dubi san. Ya ce tun da suka baro Yamai gawar shanu kawai suke gani a bakin hanya. Ya rubuta wani abu. Aka shiga mota, ni da Madam a baya. Ta gaishe ni, ta dubi tsagun dugadugaina, ta buɗe baki za ta yi magana, Na Allah ya kaɗa ƙararrawa daga gaba har direba ya zabura.

A ganuwa 'yan Kulob sun jeru suna tafi. Na Allah ya tsaya gaban katanga ya harɗe hannu.

"Wagga ganuwa, shekararta ɗari biyar. Mayaƙa dubu sun zo sun kwana arba'in, ko ɓarɓashi ba su ɗauka ba. Harsashi in ya same ta komawa yake ya nemi mai shi."

Yana cikin magana muka ji ƙurmus, ƙurmus. Laka ta ɓantare daidai kafaɗarsa, kan wata akuya ya leƙo, bakinta cike da kara. Awakin da aka tara a baya, kwana biyu ba su ga ci ba, ashe tun jiya suke cin ganuwa.

"Wannan fa?" in ji Madam.

Na Allah bai ko juya sosai ba. "Tagar leƙen abokan gaba ce. Kakanninmu suka bar ta."

"Akuya ke gadi?"

"Da can ma haka ake yi, Madam. Akuya ba ta barci."

Kai na biyu ya fito, na uku ya fito ta ƙasa ya kama gefen rigarsa. Katangar ta fara rangaji kamar mai jin kiɗa. Ya fizge riga, ya kaɗa ƙararrawa, ya ce lokaci na gudu. Muna juyawa sai ga sa a bakin lungu, an yafa masa bargo, Gidaɗo na haki ya juya hula.

"Ga wani kuma," in ji Na Allah.

Madam ta ƙura ido. "Shi ma ƙahonsa na hagu a karye?"

"Iri ne. Duk shanun Tasawa haka ake haihuwarsu."

"Makiyayan ma iri ne?"

"'Yan biyu ne."

Ta dube ni. Na dubi ƙasa.

A rumbu an jingina tsani. Mushe Manzo ya hau, aka ɗage murfi, ya leƙa. Ya daɗe bai sauko ba. Da ya sauko sai ya cire tabarau ya goge.

"Gero har baki? A wagga shekara?"

Nan ne kan Na Allah ya ƙarasa kumbura. "Wannan ƙarami ne. Irinsa bakwai gare mu."

Ya faɗe shi da ƙarfi, don 'yan kallo su ji. Suka kuwa ji. Na ga wata mata ta sauke itacen da ke kanta ta kwasa a guje zuwa cikin gari. Mushe Manzo ya cika shafi guda. A mota Madam ta matso kusa da ni ta yi ƙasa da murya.

"'Yar'uwa, ke ba ki magana?"

"Ba a tambaye ni ba, Madam."

"To ina kuke ɗebo..."

Ƙararrawa ta tashi kamar an taso lakkol. Na Allah ya juyo yana nuna mata gidan waya, ya ce daga nan ana kiran Makka a ji kamar mutum na bayan ɗaki.

Muka iso filin ƙofar gidanmu rana ta yi zafi. Ga zana fara fat, ga kan famfo na ƙyalli, ga tebur can gefe an lulluɓe shi da zanen gado. Ni kaɗai nake kallon teburin. Na Allah ya naɗe hannun riga.

"Ga magajin duka. Famfon Kulob. Ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa yake, ba ya yankewa rani da damina. Atansiyo!"

Ya murɗa. Shiru. Ya yi tari mai ƙarfi. Daga bayan zana aka ji motsi, sai ruwa ya tsirto, ya zubo shar. 'Yan Kulob suka ɗauki tafi. Matan unguwa kuwa ba wadda ta tafa, kowace tulunta take kallo yana bin rairayi. Na Allah ya bar shi yana zuba, har ya wanke hannu ya wanke fuska.

Mushe Manzo ya rufe littafinsa ya sa aljihu.

"Alhamdu lillahi. Firzidan, kun burge mu. Duk zagayen da muka yi ba mu ga inda Allah Ya rufa wa asiri kamar nan ba. Shanu, hatsi, ruwa. Sai mu wuce Mayahi tun da rana."

Na Allah ya washe baki. "Madalla. Simintin yaushe za ya iso?"

"Wane siminti?"

"Na rijiya."

"Ai na waɗanda ba su da ruwa ne. Ku mi za ku yi da shi?"

Ban taɓa ganin murmushi ya bushe a fuskar mutum yana tsaye ba sai ranar. Gaba ashirin da biyu na nan ƙarƙashin tebur, taku biyar daga inda baƙin ke tsaye, direba har ya buɗe masu ƙofa. Na dubi Na Allah ko zai sake ni daga rantsuwa. Ko kallona bai yi ba.

Sai muka ji hayaniya. Mata ne, sun fi ɗari, kowace da ƙwarya, labarin rumbu bakwai ya gama gari. A gabansu wani sarjan ne da soja biyu. A zamanin nan ɓoye hatsi ba ƙaramin laifi ba ne, mutum na iya tafiya a daɗe ba a gan shi ba.

"Ina mai rumbu bakwai?" in ji sarjan.

'Yan Kulob tara suka ja da baya taku ɗaya, kamar an ba su oda. Cha'ibu ne kawai ba ya ciki, yana bayan zana.

"Shef, ranka shi daɗe, maganar tana da bayani..."

Bayanin bai samu fita ba. Gidaɗo ya iso da sa don nuni na uku, an ɗiɗɗiga masa farar ƙasa ya zama roro. Tun jiya bai sha ruwa ba. Ya ɗaga hanci, ya shaƙi ƙanshin jiƙaƙƙen rairayi, ya yi wani gurnani. Gidaɗo ya ja igiya yana kiransa da Fillanci, ina, igiyar ce ta ja Gidaɗo. San bai tsaya wasa da kan famfo ba, ya san inda uwar take. Ya sa ƙahonsa mai lafiya ya ɗage zana gaba ɗaya. Ga Cha'ibu a tsugune, tiyo a hannu ɗaya, moɗa a ɗayan. Ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi.

"Sannunku da zuwa," in ji Cha'ibu.

Sa ya tura kai cikin tono, tono ya goce daga kan bulo ya gangaro, sa ya biyo shi, su biyun suka nufo Na Allah. Firzidan ya tattare riga ya zura da gudu. Abin hawa ɗaya ne a filin. Na yi ihu, "Ba nan ba!" amma ya riga ya daka tsalle ya dire a kan tebur.

Ƙafafun tebur suka huda zana. Tebur ya kife gefe, Na Allah ya zurma tsakanin azara biyu, ya tsaya cak a hammata. Allah Ya taimake shi da tumbi da babbar riga. Kansa da hannuwansa a waje, sauran jikin na lilo a cikin duhu. Ƙararrawa ta suɓuce masa ta faɗa.

Filin ya yi tsit. Muka ji ta tana tafiya, ƙililin, ƙililin, tana bugun gefe, tana nisa, tana nisa. Sannan tim. Ba ƙarar ruwa.

Madam Hawa ta tako a hankali ta durƙusa, ta ɗage gefen zana ta leƙa. Ta ɗago ta dube ni.

"Hindu, wannan mi ne ne? Tambayarki nake."

Na dubi Na Allah. "Ka ji dai an tambaye ni."

"Faɗi! Faɗi duka! Ku dai ciro ni!"

Na faɗa. Na ce rijiya ce, gaba ashirin da biyu, mai gidana ya haƙa ta shi da abokin aikinsa, rairayi ya tsayar da su, ya rasu bai ga ruwanta ba. Na faɗi inda muke ɗebo ruwa da lokacin da muke dawowa. Na ce wanda sa ke lasa yanzu tulunan unguwa ne talatin da ɗaya. Ban yi kuka ba, sai da Mushe Manzo ya ciro littafi ya ce yaya sunan marigayin. Nan na tsaya. Mace ba ta kama sunan mijinta.

"Rufa'i," in ji Inna Hajara. "Rubuta. Ita ba za ta faɗa ba."

Sarjan kuwa ya tsuguna gaban kan Na Allah, ya tura hula baya.

"To, mai rumbu. Ina hatsin?"

"Rairayi ne, shef! Wallahi rairayi ne! Tiya biyar ce a sama, ita ma ta matata ce!"

"Bakwai ɗin duka?"

"Ɗaya ne! Shi ma na uban Cha'ibu ne!"

"Kar ka sa ubana ciki," in ji Cha'ibu.

"Shanun fa?" in ji Madam.

Gidaɗo ya shafa wuyan sansa. "Shi kaɗai ne, Hajiya. Ni ma ni kaɗai ne, ba ni da ɗan biyu."

"Ganuwar dai ta gaske ce," in ji Na Allah da 'yar murya. "Daga ƙasa."

Bai rufe baki ba awakin unguwa suka shigo filin a jere, sun gama da tarihi, wata ma da guntun zana rataye a ƙaho. Suka wuce kai tsaye suka kama cin wadda Firzidan ke maƙale a ciki.

"Ku kore su! Suna cinye ni!"

Matan da suka zo da ƙwarya, da yunwarsu da komai, suka fashe da dariya har wasu na zama a ƙasa. Sarjan ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Mutum huɗu suka ja Na Allah bai motsa ba. Gidaɗo ya ce a ba shi wuri, wannan aikin sa ne. Aka zura igiya ta hammatarsa, aka ɗaura wa sa, ya yi taku uku, Na Allah ya fito fit kamar an zare toshiya, ba takalmi, kiravat ya koma ƙeya.

"Guga na farko ke nan da aka ja a rijiyar nan," in ji Inna Hajara, "kuma iska ce cikinsa."

Aka kira Dodo, abokin aikin marigayi, aka zura shi da igiya. Ya daɗe, sannan ya fito da ƙararrawa a aljihu da rairayi cikin tafin hannu. Mushe Manzo ya murza shi a yatsu, ya miƙa wa Madam. Ita kuma ta kama hannuna ta zuba mini. Da sanyinsa, kamar yadda mai gidana ya kawo mini ranar ƙarshe da ya shiga.

"Da kun nuna mana wannan tun da safe," in ji Mushe Manzo, "da yanzu mun sha fura mun huta."

Sarjan bai tafi da kowa ba. Ya ce a dama tiya biyar ɗin a raba wa matan da aka wahalar, 'yan Kulob kuma su kwashe rairayin rumbu da kansu su mayar inda suka ɗebo, Firzidan a gaba, da kiravat ɗinsa.

Bayan wata biyu kamyo, babbar motar kaya, ya sauke siminti a ƙofar gidanmu. 'Yan Kulob su suka yi lebura, wannan ne aikinsu na uku, shi ne kuma na kirki. Gaba huɗu Dodo ya ƙara ruwa ya ɓullo. Gaba huɗu kacal. Bokitin farko Gidaɗo aka ba, aka ɗaura wa sansa ƙararrawar a wuya, don an ce ita da shi suka yi jawabin da ya fi na kowa.

Na Allah kuwa bai yi mako ba ya warke. Ranar da aka kafa famfo ya zo da sabuwar riga ya tsaya kusa da ni.

"Kin ga dabara, Hindu? Da na nuna masu rami kawai, da sun manta kafin su kai Mayahi. Sai da na shiga ciki da kaina."

"Har takalman ma cikin dabara suke?"

"Duk wanda za ya yi wa gari hidima sai ya yi hasara."

"To in sun sake zuwa, muna son ɗakin haihuwa. Mi za ka faɗa ciki?"

Ya ce yana sauri.

Ya so a kira ta Rijiyar Kulob, har ya sa aka rubuta a allo. Awaki suka ture allon. Mata kuwa ba su nemi shawarar kowa ba. Kullum safiya ina ɗaki nake jin su suna wucewa da tuluna, wannan na ce wa waccan, "Zo mu tahi rijiyar Rufa'i." Ni har yau sunan bai fita a bakina ba, ba ni kuma da buƙata. Unguwa duka na faɗa mini shi tun kafin rana ta fito.